Tsakanin 587 da 599

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na sayi wannan littafi ne don in riƙa rubuta abin da zan yi kullum, saboda Maigida ya ce ƙananan takardun da nake mannawa a jikin firij sun fara hana shi ganin ƙofarsa. To ga abin da na fara rubutawa a ciki: 359,951.

Shekara ashirin da shida ke nan ni ce ke tsara jarrabawar gasar lissafi ta makarantun yankinmu. Wanda ya zo na ɗaya shi ake ba gurbi a makarantar kimiyya ta kwana, gurbi ɗaya tak, babu na biyu. Tambayar ƙarshe kullum iri ɗaya ce, yara suna ce mata tambayar haƙuri. Nakan ba su babbar lamba in ce su gaya mini ko akwai wata lamba da ke raba ta ba ragowa, ko kuwa mai taurin kai ce. Haka nake kiran lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya da ita kanta. Nakan haɗa musu da jadawalin ƙananan masu taurin kai, 2, 3, 5, 7, 11, har zuwa 599, su bi su ɗaya bayan ɗaya da kalkuleta. In babu wadda ta raba ta, shi ke nan. Maki goma ne.

Bana na ba su 359,951, kuma na rubuta a takardar amsa cewa mai taurin kai ce.

Yau ina duba takardun da suka zo a sama kafin in kulle su a kabad, sai na ga ta mai lamba 23. Na duba rajista, yarinya ce daga makarantar bayan tashar mota, ta zo ta biyu da maki 81. Ba ta taɓa jadawalina ba. Layi uku kawai ta rubuta. In an ƙara wa lambar 49 za ta zama 360,000, wato 600 sau 600. Ita kuma 49, 7 sau 7 ce. Saboda haka lambar ita ce 593 sau 607. An soke mata da jan biro, an ba ta sifiri.

Na yi dariya, na ce yaran zamani da son gajeriyar hanya. Sai na ɗauki biro na ninka. Na ninka sau uku.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe shida na safe

593 sau 607. Har yanzu 359,951 yake ba ni.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na ɗauko jadawalin da aka raba wa yara. A layin ƙarshe akwai 577, 587, 599. Babu 593.

Da farko raina ya ɗan yi sanyi, na ce mai buga mana takardu ne. Mutum ne da yake bugawa yana sauraron rediyo, ya taɓa mai da sunan makarantarmu wani abu dabam a kan takardar taron iyaye. Na zo gida da sauri na buɗe jakar da nake ajiye kwafin hannu. Bana na sake kwafe jadawalin ne saboda tsohon ya yage a ninki. Ga shi nan da rubutuna, da shuɗin birona, tsaf-tsaf kamar yadda nake son yara su yi: 587, 599. Bawan Allah abin da na ba shi ya buga.

Kuma da wannan sabon kwafin na gwada lambar kafin in sa ta a jarrabawa. Shekara da shekaru ina ce wa ɗalibai masu taurin kai da ke ƙasa da 600 guda 109 ne, kowa ya ƙirga kafin ya fara. Ni ban ƙirga ba. Na ƙirga yanzu, 108.

Ranar Juma'a 21 ga wata ake aika sunan wanda ya ci zuwa makarantar kimiyya. Daga ranar ba a canzawa.

Laraba, 5 ga wata, lokacin hutun tara

Na tari Dogo a ɗakin malamai. Shi ne ƙaramin malamin lissafi, shi ya yi makin tambayar ƙarshe. Ɗalibina ne a da, har yanzu in na shigo sai ya miƙe tsaye, kansa ya kusa taɓa fanka.

Na ce, “Dogo, ka tuna takarda mai lamba 23?”

Ya ce, “Wadda ta kawo wasu lambobi nata? Na tuna, Malama. Na soke.”

“Ka ninka su?”

Ya dube ni kamar na ce ya gwada ko ruwa na jiƙa mutum. “In ninka me, Malama? Ai ke kika rubuta amsar. Tun ina aji ɗaya ban taɓa jin an kama ki da kuskure ba.”

Na ce haka ne. Na tambaye shi lafiyar jaririnsa, na fito. Da ya ninka, sakan goma zai ɗauke shi, ga waya a hannunsa da ba ya ajiyewa ko a taro. Na ji haushinsa ƙwarai, har na isa aji ina jin haushinsa. Amma ni na koya masa haka, kuma na ji daɗin koya masa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Tun da lambar nan ba ta rabu da ni ba, na ce bari in san ta sosai. Mara ce, ba cika ba. In aka tara lambobinta, 3 da 5 da 9 da 9 da 5 da 1, a sami 32, don haka 3 ba ta raba ta, 9 ma haka. In an raba ta da 7 ragowa 4, da 13 ragowa 7. Duk duniya lambobi huɗu ne kawai ke raba ta: ɗaya, 593, 607, da ita kanta. In ka tara ukun farko 1,201 ne kacal, wato tana cikin lambobin da masu raba su ba su kai su ba ko kusa. Irin mutumin nan ne mai babban gida da ’yan uwa biyu.

Na kuma gano wani abu mai daɗi. In ka mai da ita sakan-sakan, awa ɗari ce cif ba sakan 49. Na gaya wa Maigida, da yake shi mai gyaran agogo ne. Ya cire gilashin idonsa ya yi dariya ya ce, “To Malama, agogon da ya yi lattin sakan 49 a kwana huɗu ai ba na karɓarsa gyara, lafiyarsa ƙalau.”

Ban gaya masa sauran ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Makullin kabad ɗin ofis yana cikin tukunyar da ba mu amfani da ita. Ban san yadda ya je can ba, kuma ba wannan na zauna rubutawa ba.

Asabar, 8 ga wata, bayan la'asar

Mahaifiyar yaron da ya zo na ɗaya ta zo godiya. Ɗalibina ne, shekara uku yana zama a kujerar gaba. Maki 88 ya samu. Ta zauna a bakin kujera ta ce sun riga sun sayi akwatin ƙarfe, an rubuta sunansa a jiki da farin fenti, mai fentin ma ya ƙi karɓar komai don murna. Ta ce, “Malama, bayan Allah sai ke.” Na ce yaron ne mai ƙoƙari.

Kuma mai ƙoƙarin ne. Na ga takardarsa. Ya bi jadawalina lamba bayan lamba, 108, kowace da ragowarta a gefe, babu gogewa ko ɗaya. Abin da na ce ya yi, shi ya yi.

In an cire masa goma ya koma 78. In an ba yarinyar goma ta koma 91. In ma an soke tambayar gaba ɗaya, ita 81 shi 78. Na juya lissafin ta kowace fuska ina neman inda zai tsira, babu.

Na raka mahaifiyarsa har bakin titi. Da na dawo na tarar ban zuba mata shayin da na dafa ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe goma na safe

’Yata Auta ta kira daga inda take aiki. Ta ce muryata ta canza. Na ce mura ce. Ta ce ko na je ganin likitan da ta ce, na ce layin wayar ba ya da kyau.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na shiga ofishin Shugaba. Shi ne shugaban makarantarmu, kuma shi ke jagorantar kwamitin gasar bana. Na shirya maganata tun a hanya, amma da na zauna sai na ji bakina ya ce, “Ranka ya daɗe, a ce an sami ɗan kuskure a jadawalin da aka raba wa yara.”

Ya ajiye biro. “Na bugu?”

Na yi shiru. Shirun nan shi ne abin da ya fi damuna yau.

Ya ce, “Na san za a yi haka. Mai bugun nan takardar gargaɗi biyu gare shi, in na ba shi ta uku kin san ma'anarta.” Sai ya tambaya ko kuskuren ya taɓa sakamako. Na ce yana iya taɓawa. Ya tambaya ko wani ya kawo ƙorafi. Na ce a'a.

Ya jingina da kujera ya ce, “Malama, an sanar a taro, iyaye sun tafa, an ɗauki hoto. Kofin gasar nan shekara huɗu bai shigo makarantar nan ba. In babu mai ƙorafi, ni ban ji komai ba. In kuma kin ce a tono, to a rubuce nake so, da sa hannunki, kuma sai an faɗi wanda ya yi.”

Na ce zan yi tunani. A hanyar fita na wuce ta gaban mai buga takardu, ya rage rediyonsa ya gaishe ni, ya ce ko akwai aiki. Na ce babu.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na safe

Saura kwana goma. Ba kuskuren nake tsoro ba, kowa na kuskure. Tambayar da za ta biyo baya nake tsoro, yaya aka yi.

Laraba, 12 ga wata, bayan an tashi

Ina tsakiyar darasi a aji uku, na juya zan ce wani ya miƙo mini abin goge allo, sai sunan abin ya tafi. Ina ganinsa a kan tebur, na san aikinsa, na san ni na ɗinka shi da tsohon tawul. Na tsaya da hannu a miƙe. Wata yarinya ta taso ta ba ni, ta koma ta zauna, babu wanda ya yi dariya. Da sun yi dariyar da ya fi mini.

Gajiya ce. Ba na samun barci sosai tun ranar Litinin ɗin can.

Inna, mahaifiyata, ita ma da ta fara mantuwa, gajiya aka fara cewa.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau da ɗan sauƙi. Na yi makin aikin gida na aji biyu gaba ɗaya, na kama kurakurai goma sha bakwai, ko ɗaya bai wuce ni ba. Na sa Dogo ya sake dubawa da sunan ina koya masa, bai sami ƙari ba.

Kuma na gano wani abu mai daɗi game da lambar nan. In ka mai da ita sakan-sakan, awa ɗari ce cif ba sakan 49. Na gaya wa Maigida, na ce wannan ai fanninka ne. Na zaci zai yi dariya. Ya daɗe yana kallon agogon da ke hannunsa, sannan ya ce, “Haka ne, Malama.” Ban san abin da ke damunsa kwanan nan ba, ko ciniki ne babu.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Saura mako ɗaya. Na ce wa kaina yarinyar tana da kai, duk inda ta je za ta yi fice. Na ce yaron ma ba laifinsa ba ne. Na ce shekara ɗaya ta rage mini in yi ritaya da mutuncina. Duk gaskiya ne, kuma duk na san me nake yi.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na bi ta bayan tashar mota, wai zan sayi zare. A rajista an rubuta cewa mahaifiyarta tela ce. Shagon ƙarami ne, keke biyu, da labule a maimakon ƙofa. Na hango wata yarinya siririya tana guga a ciki, ban san ko ita ce ba. Na wuce, na dawo, na sake wucewa. Mai sayar da lemo a gefen ya ce, “Baba, wani kike nema?” Na ce a'a, na sayi lemon da ba na so.

Lahadi, 16 ga wata, bayan azahar

Na zauna in karanta littafin nan daga farko, don in ga ko akwai abin da na ce zan yi ban yi ba. Na karanta na ranar 6. Na karanta na ranar 13.

Sau biyu na gano awa ɗarin nan. Sau biyu na ji daɗi, sau biyu na kai wa Maigida kamar sabon labari. Har yanzu da nake kallon shafukan biyu, ban tuna na farkon ba. Rubutuna ne, shi ke nan abin da na sani.

Na same shi a ɗakin aikinsa, na ajiye littafin a gabansa a kan ƙananan sukurori, na ce ya karanta duka. Ya karanta a hankali, da yake shi komai a hankali yake yi, har na ji kamar in fizge. Da ya gama ya rufe ya ce, “Na yarinyar ne ban sani ba.”

Na ce, “Ɗayan fa?”

Ya ce, “Wata biyar ke nan ina bin bayanki ina kashe murhu.”

Raina ya ɓaci, na ce wato ya zauna yana kallona kamar agogon da aka kawo gyara, yana jira ya ga inda zan tsaya. Na faɗi maganganu da yawa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Da na gaya miki, da kin yarda? Ke da ko kwanan wata na gyara miki sai kin ɗauko kalanda.” Ya ce mu je asibiti. Na ce sai bayan Juma'a. Ya ce ya ji, amma shi zai riƙe ranar.

Na yi kuka, ba zan ɓoye wa littafin da na saya da kaina ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ga abin da ya tashe ni. Dogo bai ninka ba. Shugaba ya ce bai ji komai ba. Maigida ba shi da ta cewa a makaranta. Wurin da gaskiyar yarinyar nan take a ajiye shi ne kaina, kuma na ga yadda kaina yake riƙe ajiya yanzu. In na yi shiru, ba ma sai na daure da shirun ba. Wata rana zan ga 359,951 in ce mai taurin kai ce, in yarda da kaina, hankalina kwance.

Wannan ya fi ba ni tsoro a kan tambayar kwamiti.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na rubuta. Shafi ɗaya ne. Na haɗa da kwafin hannuna, na ja layi a ƙarƙashin 587 da 599, na rubuta a gefe cewa mai buga takardu abin da na ba shi ya buga. Na sa Maigida ya karanta sau biyu, na sa ya ƙirga mini komai. Na kai wa Dogo kafin Shugaba, na ce ya ninka a gabana. Ya ninka a waya, ya sake ninkawa a takarda, sai gumi ya karyo masa.

Ya ce, “Malama, a ce ni ne. Ai ni na soke.”

Na ce, “Kai naka laifin ka yarda da ni ne. Daga yau ko uwarka ce ta ba ka amsa, ka ninka.”

Shugaba ya karɓa bai ce in zauna ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Jira. Na raba lambar da 587, ragowa 120. Na raba ta da 599, ragowa 551. Ban san amfanin da hakan zai yi mini ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kwamiti ya zauna, mutum bakwai, uku daga ciki ni na koyar da su. Ba a yi minti ashirin ba. Wata malama daga makarantar yarinyar ta yi tambayar da nake jira, amma a hankali ta yi ta. Ta ce, “Malama, yaya aka yi?” Na ce na tsallake lamba ɗaya, kuma ban ƙirga ba. Babu wanda ya ƙara tambaya, kowa ya sami abin kallo a kan tebur. An ba ta makinta goma. Shugaba ya ce baɗi Dogo ne zai tsara jarrabawa, ni in huta, na yi ƙoƙari. Ya faɗa da ladabi ƙwarai, irin ladabin da ake yi wa marar lafiya.

Na ce ni zan kai wa iyalan biyu labari, kada a aika da takarda.

Na fara da gidan yaron. Akwatin yana nan a tsakar ɗaki da sunansa. Mahaifiyarsa ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, “Shekara uku yana cewa Malama ta ce, Malama ta ce.” Ta tashi ta shige ciki, ba ta sake fitowa ba. Shi kuma ya tambaye ni wace lamba ce. Na ce 593. Ya ɗauko kalkuletarsa ya danna, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Ta rabu, Malama.” Ya raka ni bakin ƙofa kamar kullum. Na so ya yi mini rashin kunya, bai yi ba.

Zan rubuta wa makarantar kimiyya in roƙa masa in wani gurbi ya buɗe. Na gaya wa Maigida da Dogo su tuna mini, su biyun.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe uku na yamma

An aika sunan yarinyar da safe, Dogo ya ga fitar takardar da idonsa.

Na koma shagon bayan tasha, wannan karon na ɗaga labulen. Ita ce mai gugar. Mahaifiyarta ta tsai da keke ta share mini kujera, na faɗi ko ni wace ce da abin da ya kawo ni. Uwar ta rufe fuska da mayafi tana ta godiya ga Allah. Yarinyar kuwa ba ta yi murmushi ba. Ta ajiye dutsen guga ta shiga bayan labule na ciki, ta fito da wani tsohon littafin awo na mahaifiyarta, ta buɗe mini bayansa. Shafi huɗu, gaba da baya, 593 sau 607, an ninka ta sama, an ninka ta ƙasa, an raba an sake haɗawa.

Ta ce, “Da aka ce mai taurin kai ce, kullum sai na sake yi, Malama. Kullum abu ɗaya yake ba ni. Na tambayi malaminmu, ya ce ke ba kya kuskure, in sake dubawa.”

Na ce, “Me ya sa ba ki kawo ƙorafi ba?”

Ta sunkuyar da kai. “Na ɗauka kaina ne ya sami matsala. Ina ganin abu daidai alhali ba daidai ba ne. Ban gaya wa kowa ba, tsoro nake ji.”

Uwar ta ce ai shi ya sa ta daina cin abinci, ita ta zaci rashin cin gasar ne.

Kwana goma sha takwas na san amsar, ina wucewa ta gaban shagon nan ina sayen lemo, ita kuma tana ciki da wannan tsoron. Na san nauyinsa, ban taɓa zaton na ɗora wa ’yar shekara goma sha huɗu shi ba.

Na kama hannunta, da ɗumin guga a jikinsa. Na ce, “’Yata, dube ni. Kanki lafiyarsa ƙalau. Nawa ne ba shi da lafiya.”

Ban taɓa faɗa da baki ba sai yau, kuma a gaban mutanen da ban sani ba. Maigida yana jirana a bakin titi, ya ce likitan yana ganin mutane har ƙarfe biyar. Na ce ya bari in rubuta wannan tukuna, tun ina tune da yadda ta faɗa.